Wa Ya Ce Yayinta Ya Wuce?

Daga ƙarshen Satumba zuwa Disamba ƙasar Gumel takan sake kama. An yanke gero an ɗaure dammuna, an jingine riɗi a gona yana shan iska kafin a kakkaɓe, mata da yara sun duƙufa ɓarar zoɓo a tsakar gida har yatsunsu su rine. Ranar Alhamis hanyar Maigatari takan cika tun da asuba, wasu da buhuna, wasu da awaki da raguna, wasu sun tsallako daga ƙasar Damagaram da sefa a aljihu. Duk abin da aka ɗage tun bazara da kalmar "sai kaka" yanzu ya tashi: bashi sai kaka, gyaran ɗaki sai kaka, aure ma sai kaka. Shi ya sa a watannin nan tela ba ya barci, mai kitso ba ta miƙe ƙafa, mai lalle kuma sai an kama layi. Tun kafin a san waya, kaka ce lokacin kwalliyarmu, domin a lokacin ne hannu yake da maiƙo.

A daidai wannan lokaci ne kuma wayoyin 'yan mata a Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar suke cika da bidiyon wata kwalliyar kaka ta daban. Ƙamus ne ya haɗa su suna ɗaya, amma kakar Turai da Amurka lokaci ne da yini yake gajarcewa, ruwa da sanyi suke sauka, ganye yake yin ja ya zube. Daga nan launukan suka fito: ja mai duhu, ruwan ƙasa, ruwan goro, kore mai kamar ganyen da ya fara mutuwa. Mu kuwa itacen da ya fi tsayawa a gonakinmu gawo ne, shi da yake zubar da ganye da damina, ya yi kore shar idan kowa ya bushe. Kalandarsu da tamu ba su taɓa zama ɗaya ba.

Ita ma waccan kakar ba a kaka ake yanke ta ba. Manyan gidajen ɗinki na Niyok da Landan da Milan da Faris suna baje kayan kaka da hunturu tun Fabrairu da Maris, wata shida kafin a sa su, don masaƙu da kantuna su samu lokacin shiri. Kamfanin Pantone kuma tun shekarar 2000 yake sanar da launin shekara, kuma na 2025 wani ruwan ƙasa ne mai kamar koko da madara. Wato abin da yarinya take gani a watan Oktoba kamar ya faɗo daga sama, an zauna an tsara shi tun muna cikin zafin bazara, kuma waɗanda suka tsara shi suna da kayan sayarwa.

Wannan bai sa duka ya zama banza ba. Ruwan ƙasa dai ya dace da mu, don ƙurar hunturu ba ta nunawa a jikinsa yadda take yi wa baƙi ko shuɗi mai duhu. Jan nan mai duhu da suke kira da sunan wani yankin inabi na Faransa, duk wadda ta jiƙa zoɓo ta san shi, kuma yana hawa baƙar fata sosai, a jan baki ko a gyale. Sauran kuwa sai an yi musu gyara. Jan baki marar sheƙi, wanda ake yayi, yana bushewa a leɓe, kuma idan iskar Disamba ta haɗu da shi sai leɓen ya tsage. Wadda ta fara shafa man kaɗe ta bar shi ya shiga kafin ta ɗora launi ta fi wadda ta bi bidiyon sau da ƙafa. Hoda mai yawa a kan busasshiyar fata tana fitar da duk wani layi da aka so a ɓoye. Karammiski yana da kyau a hoto, amma zama ɗaya a bayan babur daga Gumel zuwa Maigatari ya ishe shi. Ɗora riga a kan riga kuma yana da ma'ana da sanyin safiyar Janairu, ba da azahar ɗin Oktoba ba. Duk wannan matan nan sun san shi fiye da mu, kuma ba shi ne tambayarmu ba.

Tambayar ita ce: idan aka ce atamfa yayinta ya wuce, wa ya faɗa, kuma da wane iko? Yadi shida ne, bai yage ba, bai koɗe ba, zai iya yin shekara goma ana wanke shi. Amma akwai ranar da mai shi za ta ɗauko shi don zuwa biki, ta juya shi, ta mayar akwati. Babu abin da ya samu zanen. Abin da ya canza yana cikin idanun da za su kalle ta.

Mu da muke rubuta manhaja mun san irin wannan mutuwar, domin a sana'armu ma ana kashe abin da yake da rai. Waya tana aiki lafiya, sai a daina aiko mata da sabuntawa, sai manhajojin banki su ƙi buɗewa a kanta. Sai dai a can akwai sanarwa, akwai rana, akwai kamfanin da ya sa hannu. A watan Fabrairun 2020 hukumomin Faransa sun ci kamfanin Apple tarar yuro miliyan 25 saboda rage wa tsofaffin wayoyin iPhone sauri ba tare da ya gaya wa masu su ba. Wato akwai wanda za a kama. A yayi babu wanda ya sa hannu. Kowa yana cewa "an daina", kuma wannan "an" ɗin ba shi da gida balle a kai masa sammaci.

Wani Bajamushe masanin zamantakewa, Georg Simmel, ya yi rubutu a kan wannan a 1904. A ganinsa yayi yana rayuwa ne a kan buƙatu biyu masu karo da juna: mutum yana son ya yi kama da mutanensa, yana kuma son ya fita daban. Na sama su ɗauko sabon salo don su bambanta, na ƙasa su kwaikwaya don su shiga sahu, da zarar kowa ya samu sai na sama su yar su ɗauko wani. Nasarar yayi ita ce ajalinsa. Wanda ya ga yadda ɗauri yake tashi daga bikin 'yar wani babba a Abuja, ya sauka Kano, ya iso Gumel, ya ƙarasa ƙauyukan Sule Tankarkar bayan an manta da shi a inda ya fito, ba ya buƙatar a fassara masa Jamusanci.

Amsa mai sauƙi, wadda ake bayarwa a majalisar maza bayan la'asar, ita ce a koma gargajiya. Matsalarta ita ce gargajiyar ma da yawanta tsohon yayi ne da ya zauna. Lokacin da matafiyin nan Heinrich Barth ya bi ta Gumel a 1851, a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da gari ne na fatauci, babbar kasuwar kanwa, kuma shi ne ya ba da labarin yadda rinannun tufafin Kano suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Garin da ayari yake sauka ba ya rasa sabon abu. Atamfar da iyayenmu suke kira Holan daga garin Helmond take, daga kamfanin Vlisco da aka kafa a 1846, kuma asalinta kwaikwayon zanen mutanen tsibirin Jaba ne na Indunusiya. Leshi mai tsada da shaddar Getzner daga yammacin Ostiriya suke. Mafi yawan atamfar da ake sarowa yau a Kantin Kwari daga Sin take zuwa. Dilka da humra da turaren wuta, da yanzu babu amaryar da za a kai ba tare da su ba, ta gabas suka shigo, kuma Gumel da ta daɗe tana bin Borno ba baƙuwarsu ba ce. Idan aka ce a koma, zuwa wace shekara za a koma?

Kuma tsufa ba shaidar lafiya ba ce. Kwallin dutse, wanda kakanninmu suke rambaɗa wa jarirai, sau da yawa dutsen dalma ne aka niƙa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa labarin wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu ɗauki wannan da wasa ba. A ɗaya gefen kuma jan lalle na ganye, wanda ake kwana da shi a ƙunshe, bai cika cutar da kowa ba, alhali baƙin da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi don ya kama cikin rabin awa yakan tayar wa wasu ƙuraje masu ruwa, ya bar tabo a siffar furen da aka zana. Akwai tsoho mai guba, akwai sabo mai guba. Layin da muke nema ba tsakanin jiya da yau yake ba.

Abin da ya canza da gaske madubi ne. A da mace tana auna kanta da matan unguwa da na garin da ake kai amarya, mutanen da rana ɗaya take dukansu, rijiya ɗaya suke sha. Yanzu madubin yana cikin tafin hannu, kuma ba ya nuna abin da ke gabansa tsakani da Allah. Yana da kyau a san yadda yake aiki. Manhaja irin TikTok ko Instagram ba ta san kyau ba, ba ta san muni ba. Abin da take ƙirgawa shi ne daƙiƙa nawa ido ya tsaya a kan bidiyo, sau nawa aka maimaita, wa ya tura wa wani. Idan masu kallo sun fi tsayawa a kan fuska mai haske, lissafin zai ƙara turo irinta. Masu yin bidiyon su lura da abin da ke kawo musu mabiya, su ƙara haske. Sababbin masu kallo su tarar da duniyar da kusan kowa fari ne a cikinta, su ɗauka haka duniya take. Zagayen yana ciyar da kansa, kuma babu wanda ya zauna ya rubuta "a fifita farare". Son zuciyarmu ne aka auna, aka ninka, aka dawo mana da shi. Cikin masu tsayar da idon nan kuwa har da mazan majalisar da suke cewa a koma gargajiya.

Wani lokaci ma laifin yana cikin injin tun daga koyonsa. A 2017 kamfanin FaceApp ya nemi afuwa bayan an gano cewa filtarsa ta ƙara kyau tana haska fatar baƙaƙe, ya ce hotunan da aka horar da ita da su ne suka karkata. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin tantance fuska na wasu manyan kamfanoni, suka samu kuskuren da ya kai kashi 34.7 cikin ɗari a kan mata masu duhun fata, alhali a kan maza masu hasken fata bai kai kashi 1 ba. Wayoyin Tecno da Infinix da suka cika hannayenmu an yi tallarsu da cewa kyamararsu ta san baƙar fata, kuma lallai sun fi na da ɗaukar fuskarmu. Amma maɓallin gyaran fuska da ke ciki yana goge ƙuraje, ya sulɓe fata, sau da yawa ya ƙara haske. Yarinya ta ɗauki hoto sau hamsin a rana, kowane hoto ya fi ta haske kaɗan. A ƙarshe fuskar da ke madubin bango ce take zama baƙuwa.

Daga nan zuwa kwalbar mai ba nisa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Adadin da aka fi yawo da shi, wai kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna shafawa, ya samo asali ne daga bincike a kan 'yan kasuwar Legas, don haka ba ma'aunin matan Gagarawa ba ne. Amma ba a buƙatar ƙididdiga kafin a ga gaɓoɓin yatsu baƙi a hannu fari. Haɗin man da ake sayarwa a roba ba suna ba takarda yakan ƙunshi maganin kumburi mai ƙarfi wanda likita ne ya kamata ya rubuta, ko sinadarin da ke hana fata yin launinta, wani lokaci har da zaiba. Na farko yana sirantar da fata har ta riƙa tsagewa da nankarwa, ciwo ya ƙi warkewa da wuri. Zaiba kuwa ƙoda take nema. Duk wannan a ƙasar da zafin Afrilu yake haura digiri 40, inda duhun fata shi ne rumfar da aka haife mu da ita.

Nan ne masu wa'azin gefen hanya suke ganin sun samu shari'a a sauƙaƙe: mata ne da son duniya. Ba mu yarda ba. Kwalliya abu ne mai kyau a karan kansa, kuma talaka ya fi kowa haƙƙinta. Matar da ta yini tana ɓarar zoɓo, ta yi surfe ta yi daka, idan ta yi wanka ta zauna ta ja gira ta ɗaura sabon ɗankwali, tana faɗa wa kanta da duniya cewa ita ba jakar aiki ba ce. Wanda bai taɓa rasa abin da yake da iko a kansa ba, ba zai gane girman wannan ba. Ga kuma ciki da yawa da ke ci daga nan: mai kitso, mai lalle, yarinyar da ta koyi kwalliyar amare a waya ta sayi akwatin kayan aiki da kuɗin adashe, matar da take ɗinki a ɗakinta ba ta fita. Su ma mazan da ke ƙorafi suna da nasu yayin, na shadda da hula da agogo da waya, sai dai ba a yi musu huɗuba a kai. Kuma wanda ya ce wa 'yan uwansa mata su nemo masa fara, shi ya rubuta takardar sayen man, ko da bai taɓa riƙe robar ba.

A ganinmu abin da ya kamata a auna shi ne kuɗin cewa a'a. Idan mace ta ga salo ya burge ta ta ɗauka, ta ga wani bai yi mata ba ta bari, kuma barin bai ja mata komai ba, to yayi wasa ne, kuma wasa mai daɗi. Idan kuwa barin zai sa a kalle ta sama da ƙasa a gidan biki, a cire ta daga hoto, a yi mata habaici a zauren WhatsApp na ƙawaye, to ya zama haraji. Masu karɓar harajin nan kuma ba a Faris suke ba. Faris ba ta san da Maigatari ba. Lissafin manhaja ma yana iya nuna abu, amma ba ya iya yi wa mutum dariya a gaban dangin miji. Wannan aikin mu muke yin sa, da baki da ido, kyauta.

Anko ya isa misali. Hikimarsa ta asali ita ce a rufa wa juna asiri: ranar biki 'yar mai kuɗi da 'yar mai ƙosai su fito iri ɗaya, kada a gane wa ya fi wa. Idan aka fitar da ankon da mafi ƙarancin ƙarfi a cikin ƙawaye za ta iya saye, ya yi aikinsa. Idan aka fitar da kala uku, na kamu daban, na yini daban, na dina daban, to abin da aka ƙirƙira don haɗa kai ya koma ƙofa mai gadi. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi, amma yawan ankon bai ragu ba. Kuɗinsa kuma a nan ba daga albashi yake fitowa ba. Yana da ƙafa huɗu, ana jan sa da igiya zuwa kasuwar Alhamis. Ko kuma yana cikin buhu, a sayar da shi a kaka lokacin da hatsi ya fi araha, a dawo a sayi irinsa da tsada a watan Yuli ana cikin noma rumbu ya yi ƙasa. Akuyar nan ita ce asusun asibitin mace. Idan ta sayar da ita don ranta yana so, dukiyarta ce, babu mai cewa don me. Idan ta sayar don tsoron bakin ƙawaye, to ƙawayen sun ci akuya ba su sani ba.

Za a ce ai idan babu ɗan matsin nan babu abin da zai motsa, tela zai zauna, salo zai daskare. Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan. Sha'awa kaɗai ta isa ta motsa kasuwa. Ba a taɓa yi wa kowa dariya don bai sha zoɓo ba, kuma ana sayar da shi har Meziko. Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta yarinyar da ba ta da karatu mai nisa, ba ta da jari, gidansu ba wani ba ne, kuma ta san cewa hotonta ne zai fara isa wurin manemi kafin halinta. Idan muka ce mata filta ƙarya ce, man nan guba ne, za ta ce ta ji, amma ta ga wadda aka aura bara. Lissafinta ba na wauta ba ne, daidai yake da kasuwar da ta tarar. Ba za a gyara shi da yi mata faɗa ba, matuƙar masu zaɓe da iyayensu mata, da masu buɗe lefe suna ƙirga turame da ƙarfi don maƙwabta su ji, ba su canza abin da suke saye ba.

Lefen kansa yana da wani abu da ba a cika lura da shi ba. Turamen da ake zubawa a akwati ba a ɗinke su a shekara ɗaya, amarya takan yi shekara uku ko huɗu tana cirowa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta kai rabi, an ce na ƙasan yayinsu ya wuce, alhali ko ninkinsu ba a warware ba. Sai a kira dillaliya ta ɗauka a ƙasa da kuɗinsu. Ita kuma ta san inda za ta kai su: ƙauyukan da ke bayan titi, wajen iyaka, inda zanen bai riga ya iso ba. A can za a ɗinka shi, a fita da shi bikin kaka, a tambayi mai shi inda ta samo.